Inda Aka Binne Baban Rabi

Talata ce, bayan an gama girbin gero. Na tashi da asuba na hura wuta, na ɗauki ƙwarya na nufi garke. Rugarmu tana yamma da Roni, ɗakuna shida a bakin wani kwazazzabo. Dangin mijina sun fi shekara ashirin a wurin, ana noma ana kiwo. Mijina Sale, wanda nake kira Baban Rabi, ya riga ni fita yana kwance maruƙa. Ya ce tatsar jiya ta yi kaɗan, ko na shanye rabi ne a hanya. Na ce masa wanda bai iya tatsa ba ai shi ya fi kowa iya ƙorafi. Rabi, mai shekara biyar, tana tsugune tana jiran kumfar madara. Ƙanwarta Ummi tana bayana.

Kwana biyu kafin nan, shanun wasu baƙin makiyaya sun cinye waken mutanen ƙauyen da ke gabas da mu. Ba namu ba ne. Surukina Baffa ya je da kansa ya yi musu bayani, ya dawo ya ce magana ta wuce. Muka yarda.

Ƙarfe takwas saura na ji ƙarar mashina. Da farko na ɗauka 'yan kasuwa ne. Sai ƙarar ta rabu biyu, wata ta gabas, wata ta arewa. Karnuka suka fara haushi. Shanu suka miƙe gaba ɗaya.

"Ku fito! Kowa ya fito!"

'Yan banga ne, da gorori da adduna, uku da bindigar toka. Na gane na gaba. Tanko ne. Shekara nawa ina dama masa fura a gindin tsamiyar kasuwarsu, har sunan ɗansa na je. Wallahi da na gan shi sai na ɗan ji sanyi, na ce ai wanda ya san mu ne.

Baban Rabi ya nufe su, hannuwansa biyu a sama, igiyar maraƙi tana rataye a ɗaya. Ya kira Tanko da sunansa. Tanko ya ɗaga bindiga. Ƙara ɗaya ce, mai nauyi, sai hayaƙi. Baban Rabi ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji.

"A ƙone! A ƙone duka!"

Na fizgi hannun Rabi na faɗa kwazazzabo. Ban ji ƙaya ba, ban ji dutse ba. Ummi ta fara tsala kuka, na juyo da ita gaba na tura mata nono a baki ina gudu. A bayanmu rumbuna suna ci, gero yana fashewa fat-fat-fat. Har yau idan ana gasa masara ba na iya zama kusa.

Wajen ƙarfe tara maza suka riske mu a cikin karan dawa. Baffa ne da Buba, ɗan ƙanensa, da wasu biyu. Buba ya goyo Baban Rabi. Yana numfashi, amma gaban rigarsa ya jiƙe sharkaf. Muka yi arewa, wajen Gwiwa, gona bayan gona, muna kauce wa hanya. Duk sanda muka ji mashin sai mu kwanta ruf da ciki. Baban Rabi ya nemi ruwa sau biyu. Babu.

Da ƙarfe sha ɗaya mijina ya cika, a wata gonar da aka girbe. Ban san ta waye ba.

Baffa bai yi kuka ba. Ya ce ɗansa shahidi ne, ba za a wanke shi ba, da rigarsa za a sa shi. Aka samo fartanya biyu a wata bukkar gona. Buba ya ciro waya zai ɗauki hoto, Baffa ya doke hannunsa har ta faɗi.

"Ba a yi wa gawa haka! Rufa masa asiri."

Mata ba sa zuwa bakin kabari, kowa ya sani. Mu aka ce mu ja baya. Na tsaya a gindin wani gawo mai duhun ganye, na juyar da fuskar Rabi cikin zanina. Bayan maza kawai nake hange, suna sunkuyawa suna ɗagowa. Suka yi masa salla a tsaitsaye. Da suka rufe sai suka baje ƙasar, suka watsa kara a kai, don kada masu binmu ko mai gonar su gane. Ba tudu, ba itace, ba ko fasasshen tulu. Suna cikin addu'a aka sake jin mashina. Muka ruga.

Sai yammacin Laraba muka shiga Babura, gidan yayata. Ƙafar Rabi ta kumbura, ba ta ce uffan ba tun daga ruga.

A nan na yi takaba. Wata huɗu da kwana goma ban taka ƙofar gida ba. Masu gaisuwa suna shiga suna fita, kowa da kalmarsa ɗaya, haƙuri. Baffa ya aiko cewa sun bar wa Allah. Ni ma na bar wa Allah, amma ina da 'ya'ya biyu, kuma na ga fuskar wanda ya yi harbin. Ba ni da sanyin hali, mijina ma ya sha faɗa. Ranar da na yi wankan fita takaba na ce wa yayata zan nemi haƙƙin jinin mijina, ko da ni kaɗai ce.

A Kazaure aka haɗa ni da wata lauya mai taimakon matan da mazansu suka rasu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta fara tambaya. Akwai takardar likita? Babu. An kai rahoto a ranar? Ba a kai ba, muna gudu. Hoto fa? Na gaya mata abin da Baffa ya yi. Rigar da aka harbe shi a ciki? Tana jikinsa. Ta ajiye biro. Ta ce za mu shigar da ƙarar neman diyya, amma in shirya, abin ba zai zo da sauƙi ba.

Buba ya riga ya tsallaka Nijar da iyalinsa. Sauran biyun suka aiko cewa su ba su ga komai ba. Ban zarge su ba, suna da yara.

Ranar zaman farko na ga Tanko a harabar kotu, cikin farar shadda, da mutanensa sun kai goma. Ya taho har inda nake. Ya gaishe ni a mutunce.

"Uwar Rabi, ya haƙuri? Ashe kuna Babura yanzu. Rabi ta shiga makaranta ko?"

Ban taɓa gaya wa kowa a can inda muke ba. Na wuce shi na shiga kotu. Daga ranar na hana Rabi zuwa Islamiyya. Mashin ya tsaya a ƙofar gida, sai in ja yara ɗaki, ko da mai kawo ruwa ne. Yayata ta roƙe ni in janye. Na ƙi.

A cikin kotu lauyan Tanko bai ce ba a ƙone ruga ba. Cewa ya yi babu wanda ya mutu. Wai Sale yana raye, ya kora shanu ya shige Nijar kamar Buba, mu kuma mun zo neman na banza. Na miƙe ban sani ba. Na ce ƙarya yake yi, a gabana aka harbe shi! Aka ce in zauna. Alƙali ya ce ya ji ni, ya ji Baffa, amma mu magada ne, shaidarmu kaɗai ba ta isa ba. Yana buƙatar abin da zai nuna an yi mutuwar.

Lauyata ta ce hanya ɗaya ta rage, a tone kabari likita ya duba. Na je na durƙusa gaban Baffa na gaya masa.

"Ina raye ba za a tone ɗana ba," ya ce. Ya juya mini baya.

Wata biyu ina zuwa ina komawa. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ranar da ya ji da kunnensa yara a unguwa suna tsokanar Rabi wai ubanta ɓarawon shanu ne ya gudu, ya aiko aka kira ni. Ya ce a je.

Muka tafi wata Alhamis a tsakiyar damina, da ma'aikacin kotu da likita da 'yan sanda biyu da masu haƙa. Ƙarfe goma muka bar mota muka taka. Gero ya fi tsayin mutum, ko'ina kore shar, gona ta haɗe da gona. Bukkar da aka ɗauko fartanya babu ita. Na ce a nemi gawo. Gawo ya fi ashirin a wurin, kuma da damina duk sun zubar da ganye, sun tsaya tsirara iri ɗaya. Na tsaya a gindin wannan, na koma gindin wancan, ina hange. Mutanen Tanko suna bakin hanya a kan mashinansu suna kallonmu.

Baffa ya nuna wani wuri, aka haƙa. Ƙasa ce kawai. Ya nuna wani, aka haƙa. Mai gonar ya zo yana faɗa a kan geronsa. Na uku ni na nuna. Suka haƙa har ƙugu, ina tsaye a baki, yau babu mai ce mini in ja baya. Ruwa ya fara tsatsafowa daga ƙasan ramin. Ƙarfe huɗu ma'aikacin kotu ya rufe littafinsa. Baffa ya zauna a kan kunya ya sa fuska a cikin hularsa, karo na farko da na ji kukansa.

Bayan mako uku aka kori ƙarar. Lauyata ta ba ni takardar, ta karanta mini a Hausa. Ba a tabbatar da mutuwar Sale ba.

Ɗakuna shida sun tafi, da rumbuna huɗu, da garke. Baffa ya rasu kafin kaka, shi an san inda yake. Rabi tana zuwa makaranta yanzu, ni nake kai ta, ni nake ɗauko ta. Takardar tana ƙasan akwatina. A cikinta ni matar aure ce da mijinta ya yi tafiya.