Buhu Ashirin na Malam Awaisu

Duk Kafur da kewaye, in ka tambayi Malam Awaisu abin da ya noma, amsarsa ɗaya ce: “Alhamdulillahi, an samu na tuwo.” Na tuwo fa! Mutumin da in damina ta yi kyau yake ɗinke buhu ɗari da hamsin na masara, ban da waken suya da auduga. Ba rowa ba ce, maƙwabta sun shaide shi da alheri. Haka ya taso a hannun mahaifinsa, wanda ko 'ya'yansa ba ya ƙirgawa a gaban mutane don gudun kambun baka. Da aka shigo zamanin masu kai wa 'yan bindiga rahoto kuwa, sai Malam ya ƙara kame bakinsa.

Shekara uku da suka wuce, ƙanensa Talha da ke zaune a Kaduna ya aiko cewa zai sayar da kasonsa na gado, wato fadamar mahaifinsu, wadda ruwanta ba ya ƙafewa har bazara. Ya ba yayansa wata biyu, in babu kuɗi zai sallama wa wani. Ga damina ta yi tsakiya, kuɗin masarar bara duk sun tafi a taki da 'yan ƙwadago. Dole Malam ya wanke ƙafa ya tafi wani ƙaramin banki a Malumfashi neman rance.

Ma'aikaciyar da ta karɓe shi, Mansura, sa'ar 'yarsa ce. A bencin da ke bayansa mutum wajen goma na jiran layi, kowa ya baza kunne.

“Baba, buhu nawa kuka samu bara?”

“To, 'yata, an dai gode Allah.”

“Mun gode masa, Baba, amma takardar nan lamba take so.”

Malam ya waiga ya ga fuskokin da bai sani ba. Ya ce, “Rubuta ashirin.” A ransa ya ce ai ba ƙarya ya yi ba, ashirin ɗin tana cikin ɗari da hamsin.

Mansura ta dube shi da kyau. “Baba, abin da kuka faɗa shi manya za su duba. In da ƙari, ku faɗa mini.”

“Bar shi a haka.” Ya dangwala yatsa ya fito, har yana jin ya yi wayo.

Bayan sati uku amsa ta zo. Manomin buhu ashirin kuɗin taki ake ba shi, ba kuɗin sayen fadama ba. Ya koma a guje zai gyara, aka ce sai an sake takarda, an je an duba gonaki, kuma manyan ba za su sake zama ba sai bayan kaka.

Da ya gaya wa matarsa Maijidda, ta tafa hannu. “Haba Malam! Ranar wanka ake ɓoyon cibi? Ka ja yarinyar gefe mana, ko ka rubuta mata a 'yar takarda!” Wallahi wannan dabarar ba ta zo masa ba, kuma ita ce ke cin ransa har yau. Bai ga laifin banki ba, bai ga na Talha ba, kansa kawai yake tuhuma.

Wani Alhaji daga Dandume ya sayi fadamar. Ranar da za a miƙa ta, mai unguwa ya aika a kira Malam Awaisu, don babu wanda ya san iyakarta kamarsa. Ya shige gaba yana nunawa, daga gindin giginya har bakin rafi, bai tauye ko taku ɗaya ba. Da aka gama, Alhajin da bai san ko shi wane ne ba ya damƙa masa dubu biyu, ya ce, “Baba, a sayi goro.” Malam ya karɓa, don ya rasa bakin da zai ce gonar ubansa ce.