Agogon Da Na Ɓoye Wa Kawu A Ƙarƙashin Sitiyari

Ina da shago a bakin titin Kura inda nake aikin wayarin mota, kuma ba yabon kai ba, in agogon gaban mota ya mutu tsakanin Kura da Bunkure, wurina ake kawo shi. Mota ɗaya ce ta fi ƙarfina shekara da shekaru: tsohuwar akori-kurar kawuna, wan mahaifiyata, wadda yake jigilar kwandunan tumatir da ita daga gonakin Kadawa zuwa kasuwa. Duk alluran gabanta sun kwanta tun ina makarantar firamare. Mai, da kara yake auna shi. Gudu kuwa, ita kanta motar ba ta san shi ba. Zafin inji da hanci yake gane shi: sai ya shaƙi iska, ya ce ta ɗau zafi, ya tsaya a bakin kanal ɗin ruwan noman rani ya jira ta huce ya ƙara mata ruwa. In na ce ya kawo in gyara masa, sai ya ce agogo na direbobin bana ne.

Wata shekara da rani ya yi wata muguwar mura. Bayan ya warke da 'yan makonni, injin ya tafasa masa a hanya da kaya maƙil, har gasket ɗin kan inji ya ƙone, tumatirin mutane ya yini a rana. Babban ɗansa, wanda nake ce wa Yaya, ya ce tsufa ne, a karɓi makullin a ba wani direba. Da ƙyar aka shawo kansa ya yarda zai bi kawu jigila guda bayan gyara, ya gani da idonsa kafin a yanke magana.

Kwana biyu kafin ranar, kawu ya zo shagona da hantsi. Ya zauna a benci yana kallon titi.

"Ɗana, tun murar nan ba na jin warin komai," ya ce. "Ko albasa aka yanka a gabana, kamar ruwa."

Na ji tausayinsa ƙwarai, amma na san in na nuna, tashi zai yi. Sai na ce, "To Kawu, yau ka zama direban bana ke nan?"

Ya harare ni. "Ka sa min agogon. Amma kar ka sa inda wani zai gani."

Na gaban motar ba ya gyaruwa, tsatsa ta cinye cikinsa, kuma ko da ya tashi, ƙanƙantarsa ta yi yawa ga idon kawu. Na je wurin 'yan gwangwan na tono agogon zafi na wata matacciyar tarakta, mai faɗi kamar murfin kofi, haɗe da ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kan inji don ya kai masa labarin zafi. Ni ba na ɗaura abin da ban gwada ba. Na haɗa shi da batir, na roƙi mai shayin da ke kusa da ni tafasasshen ruwa, na tsoma ƙarfen, na tsaya kallon allurar tana hawa. Inda ta tsaya na sa alama, na dawo baya kaɗan na ja layi mai kauri da jan fenti. Na ɗaure agogon a ƙarƙashin sitiyari, ta hagu, daidai gwiwarsa, inda wanda ke zaune a gefe ba zai hanga ba. Wayar ma na bi da ita cikin tsofaffin wayoyi na shafe ta da baƙin mai.

"In ta taɓa jan nan, ka tsaya," na ce masa. "Kar ka yi mata gardama, ba ni ba ce."

Ranar jigilar ban iya aikin kirki ba. Na amince da aikina, kawu ne ban amince zai tuna ya sunkuyar da kai ba.

Bayan la'asar sai ga Yaya a kan babur. Ya sauka, muka gaisa, ya zauna inda mahaifinsa ya zauna.

"Yaya hanya?" na tambaya, ina kwance wata fitila da ba ta buƙatar kwancewa.

"Lafiya lau. Mun kusa gadar kanal sai Baba ya shaƙi iska da ƙarfi, har sau biyu, ya ce ta ɗau zafi. Muka tsaya. Na buɗe bonet, wallahi saura kaɗan ta tafasa."

"Ka gani ko? Hancin Kawu ba wasa ba."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Ni na wanke motar da safe. Na ga jan fentinka."

Na ajiye fitilar.

"Makulli yana nan a hannun Baba," ya ce, yana miƙewa. "Kai dai ka riƙa duba wayar nan duk sati. Kuma kar ka gaya masa na gani."