Mai Wankin Tumbi da Ungulunsa

A bayan kwata, inda kwatami ke fita da ruwan jini, nan Baba Mai Tumbi ya yi rayuwarsa. Mahauta su yanka su feɗe, su turo masa kayan ciki a baho, shi kuma ya juye tumbi, ya tatse hanji, ya wanke tas. Ya yi furfura yana wannan aiki, kuma ko ranar da ya sa sabuwar riga, hanci ne ke fara sanar da zuwansa.

A da bai san wahalar kwashe ƙazanta ba. Abin da ya jefar, kafin ya waiwaya ungulayen da ke jere a kan rufin kwano sun sauko sun share. Mahauta na tsokanarsa wai shi kaɗai ne a kwata yake da ma'aikata marasa albashi.

Sai wasu baƙi suka fara zuwa neman kan ungulu, wai na magani. Su barbaɗa guba a nama su ajiye bayan katanga, su dawo da buhu. Baba ya kai ƙara wurin shugaban mahauta, aka yi masa dariya. Ya je ofishin 'yan sanda, wani ya tambaye shi ko tsuntsayen nasa ne. Ba nasa ba ne, kuma babu dokar da ta hana, sai ya koma bakin bahonsa. Ungulayen suka yi ta raguwa har rufin kwano ya zama wayam.

Ɗaya ce ta ci gubar ta amayar. Ya tsince ta a kwatami tana layi, ya naɗe ta a buhu ya kai gida, ya kori kaji daga akurki ya sa ta.

"Malam, mutane na kawo wa iyalinsu tsaraba, kai ungulu ka kawo min?" in ji matarsa.

"Kwana biyu ne, ta warke in sake ta."

Da ta warke bai sake ta ba, don masu buhu na nan. Kwana biyun nan ya zama shekaru. Matar ta gaji da mita har ta koma ita ke canja mata ruwa.

Ana nan sai doka ta fito: ba kisa, ba sayarwa, ba ajiyewa a gida. Wata ma'aikaciyar gandun daji ta zo kwata ta yi bayani. Da ta gama, Baba ya goge hannu ya matso.

"'Yata, akwai ɗaya a gidana."

Ta bi shi har akurki, ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Ta ce sun zaga garuruwa ba su ga ko ɗaya ba.

"Baba, mace ce ko namiji?"

"Mace ce. Duk shekara tana yin ƙwai ɗaya ta kwanta a kai. In ya yi baragurbi sai in ɗauke."

Aka mayar da ungulun kwata aka sake ta. Ta tashi da ƙyar, ta yi shawagi ta dawo kan rufin, don ba ta ga inda za ta ba. Ma'aikaciyar ta yi alkawarin nemo namiji, kuma ta nema, ba ta samu ba.

Da lokacinta ya yi, ungulun ta tara ƙirare a jikin tankin ruwan da ke kan rufin ta yi ƙwai. Hukuma ta kafa allo, ta dakatar da gyaran rufin da ke yoyo, ta sa mai gadi. Mahautan da suka yi dariya a da, yanzu su ke korar masu leƙe, suna gardamar ranar ƙyanƙyasa. Baba kuwa ya san ba namiji, ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba. Abin na cin ransa, amma kullum da hantsi sai ya jingina tsani ya kai mata hanji.

Ranar da warin ƙwan ya fara fita, ya miƙa hannu zai ɗauke kamar yadda ya saba. Mai gadi ya ɗago kai daga ƙasa.

"Baba, sauko. Doka ta hana a taɓa, akwai ɗa a ciki."

Baba ya janye hannunsa. Ungulun ta gyara zama a kan ƙwan, shi kuma ya sauko ya koma wankin tumbi.