Junjul a Saman Benenmu na Shumaisi

Waɗanda ba su taɓa zama a Riyad ba sun ɗauka garin zafi ne kawai. Su zo a watan Janairu su hau saman bene bayan magariba, sai mu ji labari. A cikin irin wannan sanyin ne, a gidan da muke haya a Shumaisi, na fara sanin daɗin tatsuniya. Ina 'yar shekara tara a lokacin. Ni da ƙanena Sadiku a Riyad aka haife mu, Larabci ya fi zama a bakinmu, Hausarmu kuwa sai dai a yi haƙuri.

Kaka Asabe, mahaifiyar Babanmu, ta zo daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi don a yi mata aikin ido. Aka yi, ido ya buɗe, Baba ya yi ta sabunta mata takardar ziyara, mu kuwa kamar mu zuba ruwa a ƙasa mu sha don murna. Ita ta sa aka sayo kasko da gawayi, ta ce ba za ta yi hira a gaban hita ba, wutar da ko toka ba ta yi. Da an idar da sallah sai mu haye sama, ta hura wuta, ta miƙe ƙafa, ta dube ni.

"Ke Balarabiya, matso nan. Bakin nan naki sai na wanke shi da Hausa kafin in bar garin nan."

Maganar barin garin ita ce kullum take tsinka mana zuciya, kuma ba wasa take yi ba. Tun da ta zo barci ya ƙaurace mata. Ta rame, idanunta sun faɗa. Wata rana muna ji ta ce wa Umma, "Ki gaya wa mai gidan nan, in barcin nan bai samu ba kafin zafi ya shigo, ni kam gida."

Ta bakin Umma saƙon ya bi saboda Baba ɗan farinta ne. Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama ta yi hira da shi. In ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. Mu da muka tashi cikin Larabawa mun ɗauka fushi take da shi, sai da Umma ta ce mana kunya ce, kuma duk duniya babu wanda take so kamarsa.

Baba direban babbar mota ne a wani kamfanin ajiyar kaya a Birnin Masana'antu na Biyu. Can akwai wani makaniki Baturke da suke kira Usta. Shi ya gaya masa cewa a garinsu akwai wata shuka mai hawa igiya, Larabawa na ce mata junjul, Turawa kuma hops, tsofaffinsu na jiƙa furenta a ruwan zafi su sha su yi barci. Baba ya je wajen masu sayar da magungunan gargajiya a Batha ya sayo busasshe. Furen ya daɗe a shago har ya koma ruwan ƙasa, warinsa kamar na tsohuwar safa. Kaka ta kurɓa sau ɗaya ta tofar. Usta ya ce ai sai sabon fure. Daga nan Baba ya ɗaura ɗamara. Duk ranar Juma'a bayan la'asar sai ya ɗebe mu a mota mu bi wuraren sayar da shuke-shuke ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai ma taɓa jin sunanta ba. Sai da Usta ya je hutu gida ya dawo, ya miƙo wa Baba wata 'yar saiwa a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, tsawonta bai wuce yatsa ba.

Umma ta so ta tayar da ƙayar baya, don ta ji an ce Turawa na sa abin a giya. Baba ya ce har dawa ma ana yin burkutu da ita, amma bai ga ta daina tuƙa tuwo ba. Magana ta mutu.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne sai da saiwar ta yi makonni a firji. Usta ya ce a ƙasarsu ƙanƙara ke rufe ta, in ba ta ji sanyi mai tsanani ba ba za ta farka da ƙarfi ba, don haka sai an yaudare ta. Baba ya sa ta a leda da ɗan yashi mai laima, ya ajiye kusa da tumatir. Kaka ta riƙe baki. "Ikon Allah! Mutane na neman bargo, saiwa na kwana a firji." Rannan saura kaɗan ta daka ta a miya, ta ɗauka citta ce. Umma ce ta fizge turmin.

Ranar dashe kuwa biki muka yi. Baba ya raba durom ɗin roba biyu, ya huda gindinsa, ya cika da ƙasa da taki. Ya ajiye shi inda rana ke samu da hantsi kawai, ya kafa koriyar raga don inuwa, ya ja igiya daga bakin durom har ƙarfen tankin ruwa. Ya kuma rataya ƙwan fitila a sama, yana kunnawa bayan faɗuwar rana, wai a ƙasar su Usta yini ya fi namu tsawo, in ta ga dare ya yi da wuri sai ta yi fure tun tana ƙarama. Ni da Sadiku mun riga mun yanke hukunci a ranmu: in shukar nan ta yi, Kaka ta zauna. Kafin mu tafi makaranta sai mun leƙa, da mun dawo ko jaka ba ma ajiyewa. Ranar da wani ɗan tsiro ja-ja ya fasa ƙasa, ihun Sadiku sai da ya fito da maƙwabta.

"Ta fito! Wallahi ta fito! Yalla, Kaka, zo ki gani!"

Ban taɓa ganin abin da ke girma da sauri haka ba. Muna zana mata alama da gawayi a bango, washegari mu tarar ta wuce. Sai da ta isa kama igiya matsala ta kunno kai. Baba ɗan manoma ne, ya san yadda wake ke naɗe karan dawa, don haka ya naɗa ta a igiyar ta wannan hannun. Da safe muka tarar ta warware ta kwanta a ƙasa. Ya sake naɗawa, ta sake saukowa. Ya ɗaure ta da zare, kan ya murɗe ya fara baƙi, ganyen ƙasa suka soma yin rawaya. Usta kuwa ya sauya wurin aiki ya koma garin Dammam, wayarsa ba ta shiga. Na shiga banɗaki na yi kuka, don a ganina jirgin Kaka ne ya fara ɗumama inji.

Ita kuwa Kaka a saman benen take wuni, tana jan carbi tana kallon kan shukar yana juyawa a hankali yana neman abin kamawa. Ta ga abin da Baba bai gani ba. Amma ba za ta faɗa masa ba, kuma ba za ta aika matarsa ta koya masa noma ba.

Da yammacin ranar da na yi kukan nan ta hura wuta kamar kullum. Baba na tsugune can gefe da zare a hannu. Ta juya masa baya, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

Muka ce, "Ta zo ta zauna." Haka ta koya mana mu amsa.

Ta ce an yi wani mutum a shekarar yunwa, ya je ɗiban ruwa sai ya tarar da wata tsohuwar aljana a bakin rijiya, guganta ya faɗa ciki. Ya shiga ya ciro mata. Ta ba shi ƙwaya ɗaya, ta ce ya shuka, ya kafa mata sanda, ya ba ta ruwa, za ta ciyar da gidansa. Mutumin nan ya so shukar kamar ransa. Ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ya hana kansa ruwa ya ba ta. Da ta yi tsawo sai ya naɗa ta a sandar yadda ya ga ana yi tun kakanninsa. Gari na wayewa ya same ta a ƙasa. Ya ɗaure da rama, ta zame. Ya ɗaure da fata, ta fara bushewa. Ana nan sai kunama ta harbe shi a hannu, ya kwanta jinya, ko ƙofa bai iya fita ba. Ranar da ya samu sauƙi ya fito da fargaba, sai ya ga shuka ta haye sanda, ta wuce danga, ta kama reshen kuka, ga ƙorai sun yi reto, kowace cike da gero. Ya tsaya a gindinta ya ce, "Baiwar Allah, da me na rage ki da kika ƙi ni, sai da na kwanta kika tashi?"

A nan Kaka ta rage murya ta rera, tana buga gwiwarta a hankali:

"Ruwa ka ba ni, na sha,
inuwa ka ba ni, na huta,
hanya ce ba ka tambaye ni ba,
ɗan kirki, hanya ce kawai."

Ta sa muka maimaita har sai da Hausar ta zauna a bakinmu, Sadiku na tsalle yana kewaya kasko. Sannan ta ce, "Ta ƙare. Wanda ya ji ya ji."

Baba ya dubi shukar. Ya tashi ya tsinke zaren, ya ɗora kan shukar a jikin igiya ta ɗaya hannun, ya sauka ƙasa. Da safe muka rugo. Tana nan a manne, har ta yi zagaye guda da kanta. Na rungume Kaka sai da ta ce zan karya ta.

Daga nan sai gudu. Ta kai tanki, ta yi rassa, ganyenta masu kaushi suna ƙarce mana hannu ba ma ko damuwa. Zafi na fara shigowa furanni suka fito, ƙanana koraye masu ɓawo-ɓawo, in ka murza sai wani gari rawaya ya manne maka a yatsa, ƙanshinsa ya cika hanci. Ba su da yawa, duka-duka tafin hannun Baba biyu. Umma ta shanya su a faifai a inuwa. Ranar da aka jiƙa na farko duk muka kewaye Kaka. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce ɗacinsa ya fi maɗaci, amma ta shanye. Ko maganin ne, ko ganin wahalar da aka sha dominta ce, Allah ne masani. Abin da na sani, washegari da ƙyar Umma ta tashe ta sallar asuba, ta koma ta kwanta har hantsi. Ni da Sadiku muka yi ta rawa a falo ba sauti, muna toshe baki.

Bayan 'yan kwanaki muna zaune a sama, ba wuta saboda zafi, Baba ya hau. Ya tsaya nesa da Kaka, ya dube ni.

"Ki gaya wa Inna na ji tatsuniyar nan har ƙarshenta. Na karɓo mata tikitin komawa gida. Ta fara shiri."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "Baba, ai ta samu barci!" Na juya wajen Kaka don ta ce a'a. Sai na ga ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Da ta buɗe, murmushin da na gani ban taɓa ganin irinsa a fuskarta ba tun zuwanta. Ta ce wa bango, "Allah ya yi albarka."

Na daɗe ina jin haushin Baba. A lissafina na yarinya mun cika sharaɗi, mun ci, shi kuma ya mayar da abin da muka ci. Sai da na girma na gane Kaka ba barci kaɗai ta rasa a Riyad ba. An ba ta abinci, an ba ta magani, an ba ta ɗaki mai sanyi, amma babu wanda ya tambaye ta inda ranta yake. Ita kuma kunya ba za ta bar ta ta dubi ɗan farinta ta ce ya sake ta ba, bayan duk ɗawainiyar da ya yi. Shi ya sa ta fake da barci, da barcin ya kusa samuwa kuma ta fake da tatsuniya. Mu mun ji ta shuka, shi ya ji duka biyun.

Kaka ta rasu kafin hutun Baba na gaba ya zo. Bai sake ganinta ba. Shekaru bayan haka, ina da aure har da ɗiya, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya taɓa yin da-na-sani. 

"Tun ranar da na karɓi tikitin na san mai yiwuwa shi ke nan," in ji shi. "Amma a ɗakinta ta cika, ƙannenta na riƙe da ita, garin duka ya fito ya raka ta. Da na riƙe ta a nan, maƙabartar Al-Oud za mu kai ta, mu biyar ko shida, cikin mutanen da ba ta san ko ɗaya ba. Ni zan ji daɗin ina zuwa ziyara. Ita fa?"