Inda Baba Ya Nuna a Gonar Tozai

In dai da sauran numfashi a jikina, ba zan manta da yinin da na ɗauki mahaifina a babur muka tafi gonarsa ta Tozai ba. Ba wani hatsari muka yi ba, babu kuma wanda ya faɗa wa wani baƙar magana. Magana ce kawai ya fara ban bari ya ƙarasa ba, kuma har yau ina biyan wannan gaggawar.

A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Sakkwato ba, ina ji da kaina sosai. Wani abokina ne mahaifinsu ya rasu, kafin shekara ta zagayo 'yan'uwan sun maka juna a kotu kan wani shago, har ta kai ba sa gaisawa a masallaci. Abin ya tsaya min a rai. Sai na ce zan haɗa manhajar waya wadda magidanci zai rubuta abin da ya mallaka tun yana da rai: gidaje, gonaki, dabbobi, sunayen magada da wasiyyarsa. In ta Allah ta kasance, ita za ta fitar da rabon kowa yadda shari'a ta tanada. Wata shida na yi ina fama, ina kai wa wani malaminmu na unguwa yana duba min lissafin gadon. Da ta fara aiki sai na hau mota zuwa gida Illela, don in gwada ta a kan dukiyar Baba.

Na same shi a zaure yana gyara bakin buhun albasa, don sana'arsa ke nan bayan noma. Na zauna na zuba masa bayani kamar mai tallan magani. Ya saurare ni har na gaji don kaina, sannan ya ɗago.

"Injiniya, ka gaji da ni na? In likkahwani kas sawo, kawo in gani in ya yi man."

Na ce a'a Baba, tsari ne kawai. Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa jin inda ɗa ya zo ƙirga kayan ubansa uban na zaune yana shan hura ba. A garinmu ba a son wannan zancen, gani ake kamar kiran mutuwa ne. Kwana uku ina binsa. Innarmu ce ta sa baki, ta ce ya taimaki yaro a kan aikinsa, sannan ya yarda. Washegarin kasuwa muka fara da gidaje biyu da rumbunan albasa, sai ya ce gona ba a zaune ake faɗinta ba, sai an taka.

Bayan kaka ne, an gama ɗaure gero, karan duk a kwance. Gonar Tozai ita ce babba a cikin gonakinsa. Tsakiyarta gadon kakanmu ce, daga baya Baba ya sayi na maƙwabta ta gabas da ta kudu, ya tuge gambar da ke tsakani don garmar shanu ta riƙa wucewa kai tsaye. In ka tsaya a ciki yanzu, fili ɗaya za ka gani shimfiɗe. Na kunna taswirar wayar, muka kama bin iyaka, shi a gaba da sandarsa, ni a baya ina kallon ɗigon da ke tafiya a fuskar waya. Yana tafe yana labari, wane ne ya haƙa tsohuwar rijiyar can, wace shekara fari ya cinye komai. Ni kuwa "to" da "na'am" kawai nake jefa masa, hankalina na kan cajin da ya kusa ƙarewa.

Da muka yanko ta tsakiya za mu koma wurin babur, sai na ji ya tsaya.

"Kai yaro, gonag ga ba tawa ta duka ba. Akwai rabon gwaggonka ciki, tun sa'ad da kakanku yar rasu anka raba. Daga can, har ya kai nan, shi an nata."

Na ji muryarsa sarai, amma ban ga inda sandar ta nuna ba, kaina na sunkuye. Da na ɗago har ya sauke hannu. Abin da ya kamata in ce shi ne, Baba, sake nuna min. Amma ni damuwata daban: gurbin da na yi wa mai gona suna ɗaya yake karɓa. Ban taɓa kawowa a raina gona ɗaya za ta zama ta mutum biyu ba. Kunyar in ce aikina da gyara ta kama ni, sai na ce masa bari in sa sunansa tukuna, in na gyara sai mu dawo mu fitar da na Gwaggo. Ya ɗan dube ni, ya ce, "To, Allah shi kai mu."

Gwaggo ƙanwar Baba ce, tana aure a Konni, tsallaken iyaka, tun kafin a haife ni, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Yadda ake yi a wurinmu, macen da ta yi aure nesa ba ta ɗauke rabonta na gona. Yana zama a hannun ɗan'uwanta, ya noma, ya aika mata da amfanin. Kowace kaka muna ganin ana ɗaura buhunan gero a babur ana ƙetarawa da su, mu duk mun ɗauka zumunci ne kawai irin na Baba. Ashe haƙƙinta ne, kuma shi ne abincinta na shekara.

Na koma Sakkwato. Gyaran nan aikin kwana biyu ne, amma na tsaya canza launi, ina saka Faransanci don mutanen ƙetare, ina yawon nuna wa masu kuɗi ko za su zuba jari. Sau ɗaya Baba ya kira ni a kan maganar. Bayan mun gaisa ya ce, "Injiniya, yaushe za mu koma Tozai?" Na ce bayan salla. Wannan ne karo na farko da shi da bakinsa ya nemi a yi zancen, amma ban lura ba. Kafin ruwan farko ya sauka ya kwanta ciwo, kwana huɗu rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabo a zauren nan nasa, da hantsi. Malamin da ya duba min lissafi aka gayyato daga Sakkwato, shi ne mai rabo. Yayanmu babba ya miƙa masa wayata yana alfahari, ya ce ai mu an hutar da mu, Baba da ƙafarsa ya zaga da yaron nan. Aka bi gidaje da rumbuna lafiya lau. Da aka zo gonar Tozai, Malam ya karanta sunan Baba a gurbin mai ita. Na ce a dakata, na faɗi abin da Baba ya gaya min.

Yaya ba mugu ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Cewa ya yi, "To madalla. Tashi mu tai ka gwada muna wurin, a hidda mata abinta."

Na ce ban ga inda ya nuna ba.

"Kana tsaye gabanai, ba ka gani ba? To mi kaka kallo?"

Kowa a zauren ya san amsar. Malam ya tambaya ko akwai wanda ya halarci rabon kakanmu, aka lissafa su duk sun riga mu gidan gaskiya. Ya ce ga ƙannenmu biyu da ba su balaga ba a cikin magada, ba zai yanki dukiyar marayu da kintace ba. Sai aka aika cikin gida a kira Gwaggo, wadda ta zo zaman makoki ba ta koma ba tukuna. Ta tsuguna daga bakin ƙofa, ta ja mayafi. Malam ya tambaye ta ko ta san iyakar rabonta.

"Ban sani ba, Malam. Ina ƙarama anka raba. Shi ka nomawa, shi ka aiko man. Ban taɓa tambaya tai ba, kada shi ga awa ban yarda da shi ba."

Yaya ya fara cewa ko a nemi tsofaffin Tozai, wani ya ce a auna, wani ya ce ba a san inda gado ya tsaya saye ya fara ba, murya ta fara tashi. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Kada ku yi gardama bisa ɗan'uwana, ƙasa ba ta bushe mashi ba. Bai ci man ko zangarniya guda ba. Na yahe, ku raba abinku."

Ta tashi ta shige ciki. Ba don ba ta bukata ta yafe ba, duk mun san haka.

Ni da Yaya muka ɗauki alkawarin geronta daga namu rabon, kuma ba mu taɓa fashi ba. Ni nake kai mata da kaina. Sai dai duk ranar da na sauke buhunan a ƙofar ɗakinta, sai ta kama godiya tana sa min albarka, har ta kira maƙwabta su taya ta. Innarmu ta ce a zamanin Baba ba ta taɓa yin haka ba, iyaka ta tambayi yadda damina ta yi, don mutum ba ya godiya a kan abinsa. Na mayar da mai haƙƙi mai karɓar kyauta, kuma godiyar nan tata ta fi zagi yi min ciwo.

Manhajar tana nan, na gyara ta, gidaje da dama suna amfani da ita. Amma ina kewar Baba, kewar da ban san iyakarta ba, kuma sau da yawa nakan tsinci kaina a tsakiyar gonar nan ina duban gabas da kudu kamar ƙasa za ta gaya min. Abin da na koya shi ne, dukiyar gida rabinta a bakin tsofaffi take, tare da amanar mutanen da ba za su taɓa buɗe baki su nema ba. In babba ya fara yi maka bayani, ka ajiye abin da ke hannunka ka dube shi har ya gama. Ba kullum ake samun komawa ba.