Lungun da na ɓoye wa ma'aikatan lafiya

A lokacin ina da 'ya'ya huɗu, ban daɗe da gama makarantar yaƙi da jahilci ba, kuma a unguwarmu, can wajen Jakara, an san ni da haƙuri da rashin hayaniya. Shi ya sa da wata ƙungiyar kiwon lafiya ta turo ma'aikatanta mata su zaga gidaje, mai unguwa ya ce ni zan yi musu jagora, tunda babu gidan da zan yi sallama a hana ni shiga. Tun a zaure babbarsu ta yi min bayani cewa ungozoma ɗaya gare su, kuma unguwar da ta fi buƙata za a ajiye ta. Ta roƙe ni kada in tsallake ko ɗaki ɗaya.

Na kai su gidajen 'yan gari, aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo kunun tsamiya, suka auna jinin masu ciki. Da muka zo bakin lungun ƙarshe sai na ja na tsaya. A can ciki akwai gidan haya da matan 'yan dakon kasuwar Kurmi suke zaune, mutanen ƙauye, kuma sai an taka wani katako a kan kwata ake shiga. Na dubi fararen kayan baƙina, na ji warin da yake tasowa. Mu kuwa tun muna yara aka koya mana rufa wa unguwa asiri a gaban baƙo. Ƙaramar cikinsu ta tsokane ni, wai ko Hajiya ta gaji ne a goya ta, sannan ta tambaya ko da mutane a ciki. Na ce mata kango ne, awaki kawai ake ɗaurewa. Wallahi da bakina na faɗa, har da murmushi.

Alhali na san akwai wata baiwar Allah a gidan mai tsohon ciki, wadda take kawo min daddawa, take kirana Inna. Na ga ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga, ta kuma taɓa ce min kanta yana sara, na ce mata ai haka ciki ya gada.

Aka kai ungozomar wata unguwa, aka ce mu namu da sauƙi. Ba a jima ba jijjiga ta kama yarinyar nan. Mota ba ta shiga lungun, a kurar da mijinta yake dako da ita aka turo ta zuwa titi. Ita ta tashi, jaririn bai zo da rai ba. A asibiti aka ce da an auna ta da wuri, da an ga jininta ya hau. Da na je yi mata jaje ta kama hannuna tana godiya, wai ni kaɗai ce 'yar gari da take taka katakon nan ta zo wurinsu. 

Na san rai na Allah ne, amma Shi ya aiko da dalili har bakin lungu, ni na mayar da shi. Masu taimako inda aka nuna musu suke gani, abin da aka ɓoye kuwa sai su ɗauka lafiya lau yake. 'Yan uwana mata, in an sa ku gaba, ku fara kai su inda kuke jin kunyar nunawa, don a can ciwon yake. Har yau tana kawo min daddawa, tana kirana Inna, ni kuwa sai na sunkuyar da kai nake amsawa.