Littattafan Otilie a Kan Ma'auni

Shekara arba'in da ɗaya Otilie Brabcova ta yi tana kula da ɗakin karatun ƙauyenmu, ɗaki guda a saman ofishin 'yan kwana-kwana. Tatsar shanu ce aikinta a gonar haɗin gwiwa, amma Laraba da Asabar sai ta wanke hannu ta hau bene. Duk littafin da bangonsa ya rabu, ita ke ɗinke shi.

Kowace kaka makarantarmu kan tara tsofaffin takardu, a auna, a yi gasa da makarantun maƙwabta. Sanda nake koyarwa ni ke tsayawa a bakin ma'aunin, kuma jaridu da kwalaye kaɗai muka sani. Sai ga sabon magajin gari, Radim Kolinsky, ya yanke cewa littattafan nan dubu uku za a auna, a mayar da ɗakin ma'ajin tiyo. A gabana ya faɗa mata.

"Inna, wa ke karanta su? Ɓeraye?"

"Ɓerayen ma sun fi ka leƙowa, ranka ya daɗe. Abin da ke kan kantar nan kniha ne, littafi, ba takardar ƙunshe kifi ba."

"Haba Inna! Mako biyu na ba ki. Malama, ki yi mata magana."

Ban yi ba. Shi na yi wa, kuma ban sassauta ba.

Ƙa'ida ce cewa littafin da ke hannun mai aro ba a taɓa shi sai ya dawo. Otilie, mai shekara saba'in da huɗu, ta ɗauko baro ta shiga bin gidaje.

"Karɓi ashirin, Vendelin," ta ce wa wani tsoho a ƙofar gidansa.

"Ni da ko tabarau ba ni da shi?"

"Wa ya ce ka karanta? Sa hannu, ka ajiye su inda ba danshi."

Wasu sun karɓa. Wasu, waɗanda ta yi wa 'ya'yansu hidima shekara da shekaru, suka leƙo ta labule suka ƙi buɗewa. Na san sunayensu. Rana ta tara bayanta ya riƙe, ta kwanta. Ɗari takwas da 'yan kai ta fitar.

Sauran aka watso su ta taga cikin mota, makarantarmu ta zo ta ɗaya. Magajin gari bai ji kunya ba, ya aika mata takardar godiya bisa gudummawarta. Ta ce in mayar masa, in kuma shaida masa cewa wurin rubuta ranar dawo da littafi ta bar shi fili a kowane katin aro.